Littafin da Muka Rubuta ta Bakin Filas

Goggo ce ta ɗana mini wannan tarko. Har yau idan na tayar mata da zancen sai ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce ita ba ta san komai ba, haihuwa ce ta zo ba shiri.

Ina koyarwa a wata firamare a Bawku lokacin da ƙungiyarmu ta malamai mata ta shirya zaman rubutu na ƙarshen mako a Yendi. Damuwarmu ita ce yaran zango, wato unguwannin Hausawanmu, ba su da littattafan karatu na Hausa sai waɗanda ake kawowa daga nesa, cike da garuruwan da ba su taɓa gani ba. Aka ce kowace malama ta zo da dattijuwa guda. A shiga ranar Juma'a da yamma, a fita Lahadi da ɗan ƙaramin littafi a hannu: dattijuwa ta kawo labari, malama ta kawo alƙalami, sunayensu biyu a bango. Littafin da bai kammalu ba ranar Lahadi, ba za a kai shi Tamale wurin bugawa ba.

Ban tsaya dogon tunani ba na ce da Goggo zan zo. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni a nan Yendi tun daga yaye har aure, kuma bakinta ba ya hutawa sai in tana barci. Na san da ita littafi uku ma za mu iya.

Mahaifiyata kuwa, Inna, ko a mafarki ban kawo ta ba. Ni 'yar fari ce. Gidanmu na Salaga tsohon gidan fataken goro ne da suka koma cinikin doya, kuma a irin waɗannan gidaje kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane. In wani yaro a unguwa ya ci irin sunan, shi ma abin ya shafe shi, sai dai ta laƙaba masa wani. Ƙannena kan kwanta a cinyarta tana tsefe musu kai suna ba ta labarin makaranta. Ni in na je hutu, sunana "'yar Yendi". Maganarta da ni kuma ta hannun wani take bi: "A ce wa 'yar Yendi abinci na nan." In ba kowa a kusa, sai ta faɗa wa ƙofa.

Na haura arba'in, na haifi nawa, na san al'ada ce ba ƙiyayya ba. Na sha bayyana wa abokan aikina haka da bakin malama, ina ɗaga yatsa. Amma can cikin raina ina so in ji sunana a bakinta ko sau ɗaya ne kafin ɗayanmu ta bar duniya. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai Goggo. Wanda ya san Goggo ya san inda na yi ganganci.

Ranar Juma'a na sauka a tashar Yendi bayana duk ya ƙage, sai ga wayarta.

"'Yata, ina Chereponi. Ƙanwarki ta sauka, namiji, ƙato. Ba zan samu zuwa ba."

"Goggo! Littafin fa?"

"Kwantar da hankalinki. Na aiko miki da wadda ta fi ni labari."

Ta kashe wayar kafin in buɗe baki. Daga baya na ji cewa jaririn ya kwana biyu a duniya kafin ma ta nufi Chereponi, ba wata gaggawa.

A wata makarantar kwana ta 'yan mata aka sauke mu, ɗalibai suna hutu. Ina shiga na hango ta a barandar ɗakin kwana, zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafa, ga jakarta, ga ɗaurin doya, ga koren filas ɗin shayinta mai hoton furanni wanda ya girmi autarmu. Ta gan ni, ta kawar da kai ta shiga gyaran mayafi. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa wa ginshiƙin baranda cewa lafiya lau, ta kuma tambaye shi ya hanya.

Shugabar taron wata tsohuwar hedimistires ce, Badagomba, kowa Madam yake ce mata. Hausarta ta koyo ce, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinta. Ta taho tana tafa hannu.

"Tica, Mma naka ya zo tun azahar! Ya kawo mana doya paa, da yawa. Ku biyu ɗaki ɗaya, tebur ɗaya. Uwa da ɗiya, wannan buk zai yi daɗi."

Na ja ta gefe na yi mata bayani a hankali, ko za ta musanya mini da wata dattijuwar. Ta saurare ni har ƙarshe, ta dafa kafaɗata.

"Kunya, a bar shi a bakin get. Lahadi in kun gama sai ku ɗauka ku tafi da shi gida."

Haka muka kwana, gado na kallon gado, kamar baƙi biyu da mota ta lalace musu a hanya.

Washegari bayan koko da ƙosai aka raba mu azuzuwa. Ta taga muna jin sauran. Wata malama daga Savelugu da kakarta sun riga sun fara waƙa. Wasu biyu 'yan Bawku suna musu da ƙarfi a kan ko albasa za ta iya magana a cikin littafi. Mu kuwa shiru. Na buɗe kwamfuta, na goge allonta, na sake gogewa. Raina ya fara ɓaci, da Goggo, da Madam, da duk wanda ya fara ƙirƙiro kunya a duniya. Na ce a raina in ya kai azahar haka, zan ƙaga labarin kaina in sa sunanta, kowa ya huta.

Inna ta zuba shayi ta kurɓa. Sai ta ɗauki filas ɗin ta ajiye shi a tsakiyar tebur, ta juya shi furannin suna kallonta, ta gyara zama kamar mai shirin ganawa da babban baƙo.

"To," ta ce wa filas, "a gaya wa mai rubutu ta shirya."

Haushi ne ya sa na amsa yadda na amsa. Na dubi filas ɗin nan ido cikin ido na ce, "A gaya wa mai labari tun jiya aka shirya."

Na ga gefen bakinta ya motsa. Ta rufe da kofi.

Da haka muka samu hanyar aiki, kuma in faɗi gaskiya ban taɓa samun abokin aiki mai haƙurin filas ɗin nan ba. Duk abin da aka ɗora masa yana ɗauka. Abin da ba zan iya faɗa wa Inna ba saboda ladabi, na faɗa masa. Abin da ba za ta iya faɗa mini ba saboda kunya, ta faɗa masa har da ƙari.

Labarinta na wata 'yar yarinya ce a Salaga, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba. Ubanta ya sayo mata jan takalmin roba daga Kumasi, irin mai ƙara in an taka, ƙyik ƙyik. Ba ta yarda a cire mata shi ko da barci. Akwai wata akuya mai tsinin baki da ke binta ko'ina saboda guntun gasasshiyar doyar da ke hannunta kullum. Da safe in mata za su ɗebo ruwa sai ta bi su, ita a gaba, akuya a baya. Salaga garin rijiyoyi ne, kuma yarinyar nan ba ta wuce rijiya ba tare da ta yi mata sallama ba. Sai an ɗaga ta, an riƙe ta gam, ta leƙa ta ce "Salamu alaikum", rijiya ta maimaita mata, sannan a wuce ta gaba. Saboda ita, matan gidan kan dawo da ruwa rana ta take.

Ban taɓa sanin Inna ta iya ba da labari haka ba. Tana kwaikwayon muryar akuya, tana kwaikwayon rijiya, hannunta na yawo a sama. Ƙannena sun sha wannan tun suna yara, ni ce dai ban samu ba. Na ji kishi ya taso mini, na danne shi da bugun kwamfuta.

Ba a daɗe ba muka fara faɗa irin na masu rubutu. Na karanta mata shafin farko. Ta ce wa filas, "A gaya wa mai rubutu ta cinye mini rabin magana. Ina bayanin kakan uban yarinyar da ya zo da goro?"

"A gaya mata 'yan shekara shida ne za su karanta. In layi ya yi tsawo numfashinsu ƙarewa yake."

"Yaran yanzu ba su da numfashi ke nan."

"Ba su da shi."

Ta haƙura da kakan, amma ta rama a kan kalmomi. Na rubuta "mota", ta ce wa ya taɓa jin mota a Salaga a wancan zamani, lori ake cewa. Na so in sa darasi a ƙarshen kowane shafi, irin su tsabta da gaida manya. Ta ce a gaya wa mai rubutu ta ajiye wa'azinta sai ranar Juma'a, yara ba kurame ba ne. Na goge darussana ina ƙunƙuni. Shekara da shekaru ina gyara wa mutane rubutu da jan biro, ga ni yau ana gyara mini da kofin shayi.

Abu ɗaya ne ya ƙi warwaruwa.

"A tambaye ta sunan yarinyar."

"Yarinya dai."

"Littafin yara ne. Yara suna son suna. Ko akuyar ma sai mun ba ta."

"Akuya a ba ta duk wanda aka ga dama."

"Yarinyar fa?"

"A ce mata ba yanzu ba."

Na kawo sunaye har huɗu ko biyar, duk ta yatsina fuska. Na bar gurbi a ko'ina sunan ya kamata ya fito, shafukan suka zama kamar bakin mai giɓi.

Wajen azahar Madam ta leƙo duba aiki. Ta tsaya a ƙofa tana kallon mata biyu masu hankali, kowace ta tsura wa filas ido tana yi masa bayani da hannu.

"Wannan filas," ta ce, "shi ma za a sa sunanshi a buk?"

Kafin mu isa wurin cin abinci labari ya riga mu. Muna shiga dattijai suka fara gaida filas, suna tambayarsa ya aiki, ya gajiya. Kakar nan ta Savelugu ta zuba masa wake da shinkafa a faranti ta tura gabansa. Inna ta yi dariya har ta share ido da gefen mayafi. Ban taɓa zama kusa da dariyarta haka ba, kullum daga wani ɗaki nake jiyo ta.

Bayan sallah muka koma. Inna ta ce yanzu baƙuwa za ta shigo labari. Wata rana baƙuwa ta zo daga Yendi, mai yawan magana da yawan dariya, ta kwana biyu. Aka ce da yarinya za ta koma, domin an yaye ta, kuma haka ake yi. Ranar tafiya aka yi wa yarinya wanka, aka sa mata riga, aka zo sa takalmi. Ƙafa ɗaya na nan, ɗaya babu.

Yatsuna suka tsaya a kan kwamfuta.

Duk wanda ya taso a gidan Goggo ya san wannan zance. Da shi take tsokanata tun ina ƙarama: "Ke da kika zo mini da takalmi ɗaya, yau ke ce mai yanga?" Ranar aurena ma sai da ta faɗa wa dangin miji. Tun safe nake rubuta kaina ban sani ba. Rijiyoyin, akuyar, gasasshiyar doyar, ban tuna ko ɗaya ba, ba kuma wanda ya taɓa gaya mini. Na dubi giɓin da na bari a shafukan, sai na gane dalilin da ya sa yarinyar ba ta da suna.

Ban ɗago kai ba. Na ce wa filas, "An sani. Akuya ce ta ɗauke shi." Haka Goggo ta gaya mini.

"Ba akuya ba ce," in ji Inna. "An daɗe ana ɗora wa baiwar Allah laifi. A rubuta daidai."

Ta juya kofinta a kan tebur.

"Uwar ce ta ɓoye shi. Tun asuba ta tura shi ƙarƙashin tarin doya a ɗakin ajiya. A tunaninta yarinyar ba za ta yarda ta fita da ƙafa ɗaya ba, za a tsaya nema, lori ya tashi, wani kuma sai ranar kasuwa ta zagayo. Kwana kaɗan take so a ƙara mata, ba wani abu ba. Yarinya ce ita ma lokacin, wayonta bai wuce nan ba. Aka duba ko'ina, har da ita a masu nema. Sai baƙuwar ta ce a bari, Yendi ma ana sayar da takalmi. Ta saɓa yarinya a baya ta fita."

"Uwar ta raka su tasha?"

"Ina fa. Ana kallon fuskarta. Ta zauna bayan ɗaki tana feraye doya. Ranar ta fere wadda za ta ishi gida uku."

Na rubuta. Ban san yadda na rubuta ba, amma na rubuta. Tausayinta ya kama ni, tausayin wata yarinya mai shekarun da ba su kai na 'yata ta yanzu ba, zaune da wuƙa a hannu ba damar kuka. Da yake ban san abin da zan yi da wannan tausayi ba, sai na koma malama.

"A gaya mata yara ba za su gane dalilin ɓoye takalmin ba."

"Yara za su gane," ta ce. "Manya ne sai an yi musu bayani."

Daga nan ta naɗe hannu. Na jira ci gaba, shiru.

"Sai me ya faru?"

"Iyakar nawa ke nan."

"Ai rabi muka yi. Littafi ba ya ƙarewa a tasha."

"Mai labari ba ta hau lorin ba," in ji Inna. "A tambayi mai rubutu. Ita ta hau."

Na ce zan je in yi alwala. Na daɗe a bakin famfo fiye da yadda alwala ke bukata. A nan na fahimci cewa kamar yadda ban san abin da ya faru kafin lori ya tashi ba, ita ma ba ta san abin da ya faru bayan ya tashi ba. Ba ta da bakin tambaya. In Goggo ta kai ziyara Salaga ta fara labarina, al'ada ta ce Inna ta tashi ta ba su wuri, ko ta yi kamar hankalinta na kan tukunya.

Bayan la'asar na dawo na juya filas, furannin suka kalle ni. Na ce, "A gaya wa mai labari ta shirya."

Na ba da nawa rabin, wani daga bakin Goggo, wani daga abin da na tuna. Yarinya ta isa Yendi, an sayo mata takalmi sabo fil, ta jefar da shi a kwata. Da ƙafa ɗayan nan ta riƙa yawo, ƙyik, shiru, ƙyik, shiru, har maƙwabta suna gane tafiyarta daga bayan katanga. Ta nemi rijiyar da za ta yi wa sallama ba ta samu ba, sai ta koma tura kai cikin randar Goggo, ranar da ta kusa faɗawa ciki aka saya wa randa murfi mai nauyi. Ta koyi gaisuwar Dagomba, a durƙusa ana "naa, naa", ta ɗauke ta da zafi har jakin mai itace sai ta durƙusa masa.

Inna ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Sai tambayoyi suka fara fitowa, ɗaya bayan ɗaya, duk ta hannun filas. A tambaye ta, yarinyar ta yi kuka a hanya? Ta yi, har sai da aka saya mata wagashi, soyayyen cuku, a wani ƙauye. Ta ci abinci da suka isa? Ta ci, ta ƙara. Wa yake mata kitso, da yake ba ta son a taɓa mata ƙeya? Wata maƙwabciya, kuma har yau ba ta so. Lokacin da ta yi ƙyanda, da aka aiko Salaga cewa da sauƙi, da sauƙin ne ko an faɗa ne kawai? An faɗa ne kawai, amma ta tashi.

Tambayoyin ba na littafi ba ne, mu duka mun sani. Sun fi shekara arba'in a ajiye, sun fito a jere kamar kayan da aka daɗe da ninkewa a akwati. Na amsa kowace.

Sannan ta ce, ƙasa ƙasa, "A tambaye ta, yarinyar ta yi fushi da uwar?"

Na so in ce a'a. Amma ita ba ta rage mini komai ba a zancen takalmi, ban ga dalilin da zan rage mata ba.

"Ta yi. Ta daɗe tana yi."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ta gaji. Fushi ma aiki ne, ga koyarwa ga yara."

Ta gyaɗa kai. Ta buɗe filas ta zuba shayin da ya rage a kofinta, ta turo shi gefena ba tare da ta kalle ni ba. Ya huce, sukari ya yi masa yawa. Na shanye.

Ba ta bar rabina ya wuce haka ba. Da na karanta mata, ta ce a gaya wa mai rubutu nata layin ma ya yi tsawo, ko numfashin yaran ya dawo ne? Ta sa na cire wani wuri da na yabi Goggo da yawa, ta ce kanta zai kumbura. Sai muka zo kan ƙarshe. Ni na so uwar ta hau lori ta kawo ɗaya takalmin Yendi, a rungume juna, a rufe littafi. Inna ta ce ba a yi haka ba, ba za ta sa hannu a ƙarya ba, kuma lokacin da yarinyar ta fara zuwa hutu ƙafarta ta riga ta fi takalmin. Na ce to yara ba za su kwana da baƙin ciki saboda mu ba. Muka ja, muka ja, har aka kira magariba. A hanyar masallacin makarantar ne ta ce wa filas, wanda ta rungumo a hammata, "In uwar ta shiga ɗakin ajiya ɗebo doya, takan matsa takalmin da hannu. Yana ƙara ko ba ƙafa a ciki."

Shi ne ya zama shafinmu na ƙarshe. A Yendi ƙyik, a Salaga ƙyik.

Ranar Lahadi da hantsi Madam ta bi azuzuwa tana raba farar takarda mai kauri. Ta ce a kanta za a yi bangon littafi: sunan littafi a sama, sunayen marubuta a ƙasa, kowace da hannunta, za a ɗauki hotonsa a buga yadda yake. Ta duba shafukanmu a kwamfuta, ta yi dariya a wurin jaki, ta yi shiru a wurin doya. Sannan ta nuna giɓin.

"Yarinya ba shi da suna? Mma, ba za a kai Tamale haka ba. Kafin azahar a ba shi suna." Ta fita.

Na rubuta nawa sunan a ƙasa da boko. Na tura takarda da biro tsakiyar tebur. Inna ba ta yi boko ba, amma ta yi allo a zauren mahaifinta, tana da ajaminta. Ta riƙe biron kamar alƙalamin kara, ta fara sunanta. Ta sha wuya. Ta tsaya a tsakiya tana tunanin harafi, ta ja wani ya karkace, ta yi tsaki ta ce a gaya wa mai biro bironta santsi gare shi. Da kyar ta kai ƙarshe.

Saura saman takarda, inda na riga na rubuta "da Jan Takalminta" na bar wuri a gaba. Lokaci na tafiya, ana ta jan kujeru a babban ɗakin taro. Na riga na yanke a raina cewa ba zan matsa mata ba. Abin da na samu jiya ya fi abin da na zo nema, in ban ji sunan ba ma na yafe. Na miƙa hannu in karɓi biro in sa kowane suna ya zo mini.

Ba ta saki ba. Ta jawo takardar gabanta, ta ɗora biro a wurin da na bari, ta rubuta sunana. Ja ɗaya ta yi masa, daga dama zuwa hagu, ba tsayawa ba karkacewa, ta ɗiga ɗigoginsa ta sa wasullansa, kafin in kifta ido ta gama. Matar da ta yi gumi a kan nata sunan yanzun nan.

Sai na jawo filas, don shi na saba da shi.

"A tambaye ta, ina hannunta ya saba da shi haka?"

Inna ta ɗora hannu a kan filas ɗin ta ture shi gefe, can ƙarshen tebur. Ta ɗago ta dube ni, ni ɗin, a fuska.

"A kan darduma, da yatsa, bayan kowace sallah," ta ce. Ta turo mini takardar. "Ki duba mini ko daidai ne. Ba wanda ya taɓa duba mini."

Na duba. Daidai ne.